Waiwaye: Kumburi Biyu Ne, Na Haƙuri da Na Gaggawa

A zamanin da muke yara a Maruta, ciwon haƙori ba ya cikin cututtukan da ake ɗaukar mutum a kai shi asibiti dominsu. Asibiti na matar da haihuwa ta gagara ne, da wanda maciji ya sara, da wanda ya faɗo daga kan itace ya karye. Mai ciwon haƙori kuwa sai ya ɗaure haɓarsa da ƙyalle, ya danna kanumfari ko garin taba ko 'yar jar kanwa a ramin, ya kwana yana juyi a kan tabarma. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a jira ranar kasuwa. A can ba a rasa masu baza koli da kwalabe jere. Wasu su turara wa mutum hayaƙi a baki, su nuna masa 'yan fararen abubuwa suna yawo a ƙoƙon ruwa, su ce ga tsutsotsin da ke cin haƙorinsa nan sun zubo. Wasu kuma awartaki ne jarinsu. A zaunar da kai a ƙasa, wani ya riƙe maka kai, a murɗa a fizge, a ba ka ruwan gishiri ka kurkure, ka biya ka kama gabanka.

Ba mu muka fara ba. Maganar tsutsar haƙori tana cikin rubutun mutanen Babila na kan yumɓu tun dubban shekaru, Turawa ma sun daɗe suna gaskata ta, sai da irin su Pierre Fauchard, likitan haƙori ɗan Faransa da ya fitar da littafinsa a 1728, suka ƙaryata ta. Masu fizgar haƙori da ƙarfin tuwo su ma ba yau suka fara ba. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban likitan fiɗa na Andalus da ya rasu wajen 1013, ya zana kayan cire haƙori a littafinsa At-Tasrif, ya kuma ja kunnen ɗalibansa kada su yi irin gaggawar waɗanda suka shiga sana'ar ba ilimi, masu karya haƙori su bar saiwarsa a ciki, wani lokaci har su haɗa da ƙashin muƙamuƙi.

Akwai wani magidanci a unguwarmu, ƙaƙƙarfan manomi wanda ba a saba jin ya kwanta ba. Turminsa na can ƙurya, na ƙasa, ya dame shi ana tsakiyar aikin kaka. Ya ga ba shi da lokacin jinya, ya je kasuwa aka cire masa. Ashe kan haƙorin ne ya ɓalle, saiwar tana ciki. Da farko kunci ne ya tasa, kowa ya ce ai dole ne. Aka shiga gasa masa da ruwan zafi safe da yamma, aka yi shafe-shafe, aka kira wanzami ya kafa masa ƙaho a gefen wuya. Kumburin bai tsaya a kunci ba. Ya gangaro ƙarƙashin haɓa, ya zagaye ta hagu da dama, ya yi tauri, in an danna ba ya lotsawa. Mu yara muna leƙe ta ƙofar zaure. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zamansa. Ba ya iya kwanciya, yana zaune ya tokare hannuwa a ƙasa ya miƙo wuya gaba, baki a buɗe, harshe ya taso, yawu yana zuba a kan riga don ya kasa haɗiye shi. Muryarsa ta canza, in ya yi magana ba a ganewa. Masu dubiya suna fitowa suna raɗe-raɗi, wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce sammu. Sai da numfashi ya fara sarƙewa aka tashi neman motar zuwa Birnin Kudu. Ba a kai ba rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa.

Likitoci sun san abin da ya kashe shi. Wani likita Bajamushe, Wilhelm Friedrich von Ludwig, ya bayyana cutar a 1836, kuma da sunansa suke kiranta har yau. Saiwoyin turamen ƙasa na can baya suna nutsawa har su wuce tsokar da ta shimfiɗu a ƙarƙashin harshe. In ƙwayoyin cuta suka yi gida a wurin, hanya a buɗe take su bi ta cikin nama su sauka wuya. Kumburin sai ya ture harshe sama da baya, ya toshe mashigar iska. Kafin a samu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, fiye da rabin waɗanda ta kama ba sa tashi. Yau in an kai mutum da wuri, aka kare masa hanyar numfashi, aka sa masa magani ta jijiya, aka tsaga aka fitar da mugunyar, aka zaro saiwar, mafi yawa suna warkewa. Gashi da ƙaho ba sa isa inda cutar take, sai dai su cinye kwanakin da za a ceci mutum a cikinsu.

Iyayenmu mata da suka ga wannan mutuwa da idonsu sun ɗauki darasi, amma rabinsa suka ɗauka. A wurinsu duk kumburin fuska bayan cire haƙori abin tsoro ne, ba a zuba masa ido, dole a tashi a yi wani abu. Wane abu? Abin da aka sani: gashi, shafi, tsaga.

Zamani ya juya. An ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Asibitin Birnin Kudu ya koma hannun gwamnatin tarayya, ya zama Cibiyar Lafiya ta Tarayya a 2000. Dutse ta samu manyan asibitoci, a Kano kuma Jami'ar Bayero tana yaye likitocin haƙori tare da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ɗan Maruta da haƙori ya dama yanzu yana iya hawa mota da safe, a ɗauki hoton muƙamuƙinsa, a yi masa allurar kashe zafi, a cire haƙorin yana ji yana gani ba ihu, ya dawo gida kafin magariba. Sai dai aikin likita bai cika wuce awa ɗaya ba. Warkewa a gida ake yinta, a cikin ɗaki, a hannun uwa da kaka da maƙwabta da masu dubiya. A nan ne kuma ba mu canza sosai ba.

Shekarun baya kaɗan, ɗan yayana ya dawo hutu daga makaranta da ciwo a ƙuryar baki. Shekarunsa ne na wannan matsala. Baligi yana da haƙora 32, huɗu na ƙarshe su ne turamen ƙurya, ɗaya a kowace kusurwa, kuma su ne ke makara. Galibi tsakanin shekara 17 da 25 suke fitowa, lokacin da sauran sun riga sun cike wuri. Wanda ya samu fili ya fito a miƙe, babu ruwan kowa da shi. Wanda bai samu ba sai ya karkace, ko ya kwanta ya tokari na gabansa, ko ya leƙo rabi dasashi ya rufe rabi, abinci ya riƙa maƙalewa a ƙarƙashin 'yar fatar yana ruɓewa. Ba kowanne ake cirewa ba. A Ingila, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta ba da shawara tun 2000 cewa a ƙyale wanda ba ya ciwo kuma bai lalata komai ba, ko da a kwance yake. Na yaronmu kuwa ya sha tasowa yana lafawa, hoto kuma ya nuna ya fara cin na kusa da shi. Cire irin wannan ƙaramar tiyata ce. Ana tsaga dasashi, a ɗan ɗebe ƙashi, a raba haƙorin gida biyu ko uku, a zaro, a ɗinke.

Ranar da aka cire ya dawo lafiya lau da auduga a baki. Washegari kunci ya tasa. Rana ta uku ya tashi gefen fuskarsa ya cika tam, baki da ƙyar yake buɗuwa a zura cokali, fatar gefen haɓa ta fara sauya launi. Inna, mahaifiyarmu, ta leƙa ɗakin ta ce, "Mai gidan, da wannan fuskar za ka zo mini zance? Ai ni na fasa." Ya so ya yi murmushi ya kasa. Tana fitowa tsakar gida wasa ya ƙare. Ta ɗora tukunya a murhu, ta nemo tsumma, ta aika a kira yayana. "Haka za ku zauna ku zuba masa ido? Kun manta yadda aka yi da bawan Allahn nan? A gasa shi yanzu, in bai sace ba a kira wanzami."

Kafin azahar ɗakin ya cika da masu dubiya, kowa da sannu a baki da magani a aljihu. Wannan ta kawo jiƙon kanwa, ta ce ya kurkure da ƙarfi mataccen jinin ya fita. Wancan ya ce man zafi za a murza. Abokin yaron ya ce bari ya je kemis a haɗo masa ƙwayoyi, a ƙara da allura, gobe ba za a ga komai ba. Yaron ya miƙo mini wata takarda da aka ba shi a asibiti, duk da Turanci, ya ce ta tsakanin haƙora, "Baffa, likita ya ce dama zai kumbura, kuma na yau zai fi yawa." Yayana ya buga lambar da ke jikin takardar. Tambayoyin da aka yi masa ba su da yawa. Jikinsa da zafi? Yana haɗiyar yawu da ruwa? Numfashi fa? Kumburin a kunci yake ko ya sauko ƙarƙashin haɓa? In an taɓa, da taushi ko da tauri? Da ya ba da amsa sai aka ce a ƙyale shi, ya ci gaba da shan maganin da aka rubuta masa, gobe a duba ko ya ƙaru ko ya ragu. Inna ta sauke tukunyarta ba don ta yarda ba. Ta ce, "To, Allah ya kyauta. Ni dai na faɗa." Da gari ya waye, ita ce ta fara shiga dubawa, ita ce kuma ta fito ta ce ya fara sacewa.

Irin wannan kumburi gyara ne jiki yake yi. Duk inda aka yanki nama aka taɓa ƙashi, hanyoyin jinin wurin sukan buɗe, ruwa da ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta su taru. Shi ya sa ba ya fitowa nan take. Yana hawa a hankali, ya kai maƙura tsakanin awa 48 da 72, sannan ya fara sauka, cikin mako guda zuwa kwana 10 fuska ta koma daidai. Riƙewar muƙamuƙi daga tsokar tauna ce da ta sha wahala, ita ma tana saki. Launin da fata ke sauyawa jini ne ya kwanta a ƙarƙashinta, jiki zai shanye abinsa. A kwana biyun farko sanyi wurin yake so, domin zafi yana ƙara buɗe hanyoyin jinin, kumburi ya ƙaru, jinin da ya tsaya ya dawo. A naɗe ledar ƙanƙara ko fiya wata mai sanyi a ƙyalle, a ɗora a kunci minti 15 zuwa 20, a ɗauke a huta kamar haka, a sake. Inda babu wuta kuma babu mai firjin sola a kusa, tsumma da ruwan randa ya fi babu. In za a kwanta a ɗaga kai da filo biyu. Gashin Inna ma yana da ranarsa. Bayan kumburi ya fara ja da baya, in babu zazzaɓi, ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya jurewa yana taimaka wa muƙamuƙi ya saki.

Abin da ya fi kumburin muhimmanci ma ba a ganinsa daga waje. Ramin da haƙori ya bari yakan cika da jini, jinin ya daskare ya zama guda. Wannan gudan da mutanenmu ke cewa mataccen jini, shi ne ya rufe ƙashi da jijiya, a kansa kuma sabon nama yake tofowa. Kamar sabon daɓe yake, wanda ya gama daɓe ɗakinsa ba ya barin ko kaza ta shiga sai ya bushe. Duk dokokin da likita ke jerowa gadin wannan guda ne. A cije audugar da aka sa minti 30 zuwa awa ɗaya, ba a cirewa ana dubawa. Ranar farko ba kurkura, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba abinci mai zafi. Ba zuƙa kowace iri, ko sigari, ko shisha, ko lemo ta bututun roba, ko tsotsar ledar fiya wata, wadda ita aka fi mantawa da ita. A juye a kofi a sha. Kada a kai harshe ko yatsa ko tsinke wurin. Noma da ɗaukar buhu da ƙwallo su jira 'yan kwanaki. In na sama aka cire, kada a fyace hanci da ƙarfi, domin saiwarsa tana maƙwabtaka da kogon da ke gefen hanci. Bayan awa 24 sai a fara ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofin ruwan ɗumi, a guntsa, a karkata kai a hankali, a buɗe baki ya zuba da kansa, musamman bayan cin abinci. Sauran haƙoran a ci gaba da wanke su da buroshi ko asuwaki, a dai kauce wa ƙuryar.

Abin da ya fi damun yaron a ranar farko shi ne alwala. An ce kada ya kurkure baki, ga salla biyar tana jiransa. Amsar tana cikin littattafan da muka karanta a zaure tun muna ƙanana. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Ahalari da Ishmawi suka jero, kurkure baki yana cikin sunnonin alwala ne, ba ya cikin farillanta. Wanda ya bar shi saboda rauni alwalarsa ta yi. Malamin unguwarmu da aka je tambaya ko littafi bai buɗe ba ya ba da wannan amsa. Daga rana ta biyu mutum yana iya guntsar ruwa ya zubar a hankali.

Kan abinci ma sai da aka yi ja-in-ja. A al'adarmu mai jinya da abin marmari ake lallashinsa, tsire ko kilishi ko dambun nama ko farfesu mai yaji. Duk ba lokacinsu ba ne. Haka gyaɗa da ƙuli-ƙuli da aya da rake da goro, da kantu da duk abin da aka barbaɗa wa riɗi, wanda mu a Jigawa ba ma rasa shi. Ƙwaya ɗaya in ta faɗa ramin ta isa ta hana barci. Dambu ma haka. Abin da ya dace yana nan a kowane gida: koko ko kunun da ya huce, furar da aka dama sosai da nono, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa marar yaji, dafaffen ƙwai, alale, ayaba, dankalin da aka murƙushe. A tauna ta ɗaya gefen, a sha ruwa da yawa. Wasu don tsoro sai su ƙaurace wa abinci gaba ɗaya, alhali da abincin jiki yake ɗinke raunin.

Duk da haka ba mu tsira ba, kuma ba masu dubiya ne suka ja mana ba. Da yaron ya ji sauƙi baki ya fara buɗuwa, sai ya haska shi da fitilar waya a gaban madubi, ya hango wani abu fari-fari a cikin ramin. Ya ɗauka tuwo ne ya maƙale ko mugunya, ya karyo tsinken tsintsiya ya tone shi tas. Ashe murfin raunin ne. Kafin wayewar gari wani irin ciwo ya taso wanda ya ce ya fi na haƙorin, yana harbawa har cikin kunne, baki yana wari, maganin da yake sha ko taɓa shi bai yi ba. Ƙashi ne ya zauna a buɗe, iska da yawu da abinci suna kai masa. Wannan sananne ne a wurin likitocin haƙori. Yakan bayyana cikin kwana biyu zuwa biyar bayan cirewa, ya fi yawa a turamen ƙurya na ƙasa, ya kuma fi kama masu shan taba da matan da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa. Ba ya kisa, kuma ƙwayoyin kashe cuta ba su ne maganinsa ba. Aka koma asibiti, aka wanke ramin, aka cusa wani magani a ciki, kafin su iso gida ciwon ya lafa. Da ya shigo ya durƙusa gaida Inna, ta ɗaga kai ta shinshina, ta ce, "Wannan ai ƙamshin kanumfari ne. Kuɗin mota kawai kuka ɓatar, ga shi nan a gwangwanina." Hancinta bai yi ƙarya ba. Sinadarin man kanumfari yana cikin abin da likitoci ke sa wa irin wannan rami a ƙasashe da yawa. Bambancin shi ne sun wanke wurin tukuna, sun san gwargwado, kuma da kaya masu tsabta suka sa.

In aka jera waɗannan labarai biyu, ba za a ga sakaci a ko ɗaya ba. Ƙauna ce ta yi aiki. An tara wa magidancin nan duk maganin da aka sani, aka jinkirta masa abu ɗaya da yake bukata, wato mota. An so a tara wa yaron nan duk maganin da aka sani, alhali bukatarsa a ƙyale shi. Mu mutane ne da ba ma iya ganin namu cikin wahala mu naɗe hannu, wannan kuwa kyakkyawan hali ne. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da ya rage mana shi ne mu san wane kumburi ne a gabanmu.

Na haƙuri yana zama a kunci da kusurwar muƙamuƙi, da taushinsa. Mai shi yana haɗiya yana numfashi lafiya, babu zazzaɓi mai ƙarfi, kuma in ya wuce rana ta uku kullum sauƙi ƙaruwa yake. Na gaggawa shi ne wanda ke ci gaba da hawa bayan rana ta uku, ko ya sace ya sake dawowa. Shi ne wanda ya gangara ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya haura ya fara rufe ido, ko ya yi tauri ya ɗau zafi, ko ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi da mugunya, ko bakin mai shi kullum ƙara rufewa yake. In haɗiya ta fara gagara, ko murya ta canza, ko mutum ya kasa kwanciya saboda numfashi, ko da ƙarfe biyun dare ne a nemi mota. Haka jinin da ya ƙi tsayawa bayan an cije tsabtatacciyar auduga rabin awa, aka sake aka kuma cijewa. Leɓe ko harshen da ya ci gaba da zama a mace bayan allura ta saki, shi ma a gaya wa likita. Jijiya ce ta taɓu, galibi tana dawowa, amma ya kamata a bi ta.

Mai kemis yana da ranarsa, sai dai haɗin ƙwayoyi a ƙullin leda ba ya cikin jinyar nan. Paracetamol da ibuprofen sun isar wa mafi yawan mutane. Mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kada su sha ibuprofen sai da izinin likita. Haɗa shi da diclofenac, kamar yadda ake yawan yi, ba ya ƙara sauƙi, illa ce yake ninkawa ga ciki da ƙoda, domin dangi ɗaya ne. Asfirin yana tsinka jini, danna shi a kan dasashi kuma ƙuna yake yi. Ƙwayoyin kashe cuta ba a shan su don kawai kunci ya tasa. In likita ya rubuta, a sha yadda ya ce.

Tun kafin a hau kujerar likita ake fara jinya, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Mai ciwon sukari ko hawan jini ko sikila, da mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini, ya faɗa kafin a taɓa shi. In ba dole ba, kada a sa ranar cirewa ana jibi biki ko jarrabawa ko tsakiyar shuka. Ɗan Maruta ba kamar ɗan birni ba ne da asibiti ke bayan gidansa, don haka ya ajiye kuɗin motar komawa, ya kuma karɓi lambar da zai buga in wani abu ya rikice masa. Kira ɗaya ne ya hana a kafa wa yaronmu ƙaho.

Ga likitocinmu da ma'aikatan jinya kuwa, roƙona ƙarami ne. Takardar gargaɗin nan a rubuta ta da Hausa, da boko da ajami in da hali, ko a naɗi bayanin da murya a tura a WhatsApp a saurara a gida. Kuma a yi wa ɗan rakiya bayanin, domin wanda aka gama yi wa aiki, baki a mace kai yana juyawa, rabin abin da aka faɗa ba ya riƙewa. Wadda za ta yi jinyar tana gida, ba ta ga likita ba, abin da ta gani shi ne fuskar jikanta ta kumbura. In ba a kai mata bayani ba, za ta yi abin da ta sani.

Masu awartaki har yanzu suna nan a kasuwanninmu, kuma suna samun ciniki saboda su ne kusa, su ne masu araha. Ƙarfe ɗaya ke shiga baki bayan baki, alhali ta jini ake ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau, ba kuma mai ɗaukar hoto ya ga inda saiwa ta nufa. Wa'azi kaɗai ba zai kore su ba. Sai gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu sun ƙara ma'aikatan haƙori da kayan aiki a asibitocin da ke kusa da talaka, a farashin da zai iya biya.

Kai kuma mai karatu, in an cire wa naka haƙori, ka ba kumburin kwana uku kana lura da haɗiyarsa da numfashinsa da zafin jikinsa. In ya fara sauka, ka riƙe hannunka, ka kuma riƙe na masu dubiya. In ya ƙi sauka ko ya nufi wuya, kada ka jira gari ya waye, ka kai shi asibiti.